Randar Tibiri

Allah ne ya ba mu Baba, shi ya karɓi abinsa, mu ma muna bisa hanya. Wannan ban da ja a kai. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ƙaryar da aka yi ta shirgawa a kansa cikin kwana ukun zaman makoki, ina zaune bisa tabarma a tsakar gidanmu na Jiratawa ina ji da kunnena.

Wata tsohuwa da ya taɓa kora daga bakin garkarsa da sanda, don akuyarta ta cinye masa dashe, ta shigo tana sharar hawaye tana cewa ba ta taɓa ganin mai sanyin hali irinsa ba. Maƙwabcinsa na gona, wanda suka fi shekara goma ba su gaisa ba saboda rigimar ruwan ban-ruwa, ya tsaya a zaure yana rantsuwa wai ko kallon banza marigayi bai taɓa yi wa wani ba. Liman ya ce mutum ne mai son jama'a. Ƙanena kuwa, wanda ke bi mini, ya zo daga Sabon Gari na Maradi da babbar riga mai sitaci, ya zauna a gaban maza yana amsa gaisuwa yana cewa ai Baba kullum cikin fara'a yake. Na sunkuyar da kai, mata suka ɗauka kuka nake, har wata ta dafa kafaɗata tana ba ni haƙuri. Ba kuka nake ba, haushi ne ya cika mini ciki.

Mutum ɗaya ta faɗi gaskiya, ita ce Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Tibiri. Da mata suka matsa mata ta faɗi wani abu a kan ɗan'uwanta, sai ta gyara lulluɓi ta ce:

"Mugun baki gare shi, ga taurin kai. Amma bai taɓa ba kowa ruɓaɓɓen lemu ba."

Wasu suka fara kallon ƙasa. Ni a nan ne na ji kamar an ambaci ubana karo na farko tun safe.

Shi ya sa na ɗauki alƙalami. In aka bar mutanen nan, nan da shekara biyu za su mai da shi wani tsoho mai laushi wanda ba a taɓa haifa ba, na gaskiyar ya ɓace. Ni kuwa ina da ƙorafi a kansa, kuma ba zan yarda a sauya mini shi da wani ba tun ban gama ƙorafina ba.

Ni ce ɗiyarsa ta fari. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a wurinmu: ba a faɗin sunansa, ba a wasa da shi gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Ana yaye ni aka kai ni Tibiri wurin Gwaggo, ita ta raine ni, ita ta sa ni lakkwal, makarantar boko, har na zama malama, ita ta yi mini aure na tare a unguwar Zariya cikin Maradi. Ban ce al'ada laifi ce ba. Amma na ga iyaye da yawa da suka yi wannan kunyar, in tsufa ya zo sai su sassauta, su laƙaba wa ɗan wani suna na tsokana, su riƙa tambayar lafiyarsa ko da a kaikaice. Baba bai sassauta ba ko na rana ɗaya. Na haura shekara hamsin, na yi jikoki, har ya koma ga Allah ni "waccan" ce a bakinsa. In yana son in ɗauko masa abu, bango yake yi wa magana, ko randa, ko jakin da ke ɗaure, ya ce a gaya wa waccan ta miƙo rariya, alhali daga ni sai shi a wurin.

Sana'arsa lemu ce. Yana da garka a bakin gulbi mai itatuwan lemun zaƙi da ya dasa da hannunsa tun kafin a haife ni. Masu lemu suna da yawa a fadamar, ba nan ya fi su ba. Inda ya fi su shi ne ajiya. Kowa in lemu ya nuna a farkon ɗari sai ya kakkaɓe ya kai kasuwa a lokaci guda, a yi ta wulaƙanta shi har yara su riƙa jifa da shi. Baba sai ya zaɓi mafi kyawu ya binne su a rairai cikin randuna, su kwana a nan ɗari ya shiga ya fita. Sai zafi ya fara dukan mutane, leɓe na tsagewa, kasuwa babu ko ɓawon lemu, sa'annan ya buɗe ɗaki ya fito da nasa da ruwansu kamar jiya aka tsinko.

Ɗakin na laka ne mai kaurin bango, a gefen arewa na gidan, ba taga sai wata 'yar kafa can sama. Randuna ashirin da ɗaya ke ciki, kowace bisa duwatsu uku don kada gindinta ya taɓa ƙasa. Mabuɗin yana rataye a wuyansa tare da laya, ko wanka zai yi ba ya cirewa.

Aikin kuwa ba na mai gaggawa ba ne. Ana ɗebo rairai daga cikin gulbi inda ruwa ya janye, a tankaɗe sau biyu, a shanya kwana huɗu a rana, sa'annan a ja shi inuwa ya huce, don rairai mai zafi dafa lemu yake yi. Baba yakan damƙi rairan ya matse ya buɗe hannu. In ya zube ta tsakanin yatsu ya yi, in ya tsaya a dunƙule ko kaɗan ne, a koma shanya. Ba a tsinka sai hantsi ya ɗaga raɓa ta bushe. Ba a fizga da hannu, da almakashi ake yankewa a bar ɗan kara a kai. Wanda ya faɗi ƙasa ba ya shiga randa ko da ba a ga tabo a jikinsa ba, kuma wallahi mutumin nan yana iya jin faɗuwar lemu ɗaya daga wancan ƙarshen garka. Bayan an tsinko sai su huta kwana uku bisa tabarma a inuwa. Sa'annan a zuba rairai a gindin randa, a jera su kara na kallon sama, kowane da tazarar yatsa biyu daga ɗan'uwansa, a rufe da rairai, a sake jera wani sahu, har randa ta cika a kifa mata faifai. Kowace Juma'a da safe yakan shiga ya ɗaga faifan ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa. In hancinsa ya ji wani abu, sai ya tura hannu har gwiwa ya zaro mai laifin tare da rairan da ke kewaye da shi.

Dokarsa babba guda ce, kuma duk wanda ya taɓa zama a gidan ya ji ta har ya gaji: ruwa ba ya shiga ɗakin nan, ko na alwala. In ka wanke hannu sai ka tsaya a rana ya bushe kafin ka taɓa ƙofa.

Yadda na shiga aikin ma ba roƙona ya yi ba, Baba ba ya roƙo. Da Inna ta rasu, idonsa ya fara rauni, ƙanena kuma ya tafi Sabon Gari ya buɗe shago, sai ya je Tibiri ya zauna a zauren Gwaggo yana faɗa wa iska cewa shi dai ba ya da hannuwa bana. Gwaggo ta aiko mini ta ce in je. Tun daga wannan shekarar, duk hutun lakkwal na tsakiyar ɗari, lokacin da sauran malamai ke hutawa da iyalansu, ni ina Jiratawa durƙushe ina tankaɗe rairai. Shekara ashirin da biyu ina yi. Sannu ɗaya ban taɓa samu ba.

A cikin randunan nan akwai wadda na tsana fiye da sauran, ita ce randar Tibiri. Ita ake cikawa a ƙarshe, ita kaɗai ce ba ta kwana a ɗakin. In an gama ta na koma gida, Baba zai sa a ɗora ta bisa amalanken shanu, a kewaye ta da buhunan ƙaiƙayi, ya hau ya zauna ya rungume ta, su bi hanya su ratsa Maradi su kai ta ɗakin Gwaggo. A kanta yake sauke mini duk masifar da ya tara a shekara. Lemun da zai shiga sauran randuna in ya duba sau ɗaya ya wuce, na randar Tibiri sai ya juya shi sau biyar, ya kai hanci, ya auna a tafin hannu, ya ajiye gefe ya ce wannan na jaki ne. In na jera sahu sai ya tura yatsu biyu tsakani, in suka matse kaɗan ya ce a kwashe.

Wata shekara sau uku yana sa ni juye ta. A na ukun la'asar ta yi, bayana ya ƙage, yatsuna sun tsattsage saboda sanyi da rairai. Ya dubi bango ya ce a gaya wa waccan in ba ta iya ba ta koma wa allonta da alli. Ranar ce kaɗai na ɗaga kai na dube shi ido cikin ido.

"Baba, ina da suna. Kai ka raɗa mini shi."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya damƙi rairai ya matse, ya buɗe hannu, ya dubi randar ya ce:

"A gaya mata na gindin nan bai gama bushewa ba."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na taɓa na ji, gaskiyarsa ce, akwai ɗan danshi. Na kwashe na sake shanyawa, ina yi hawaye na zuba, ina kauda kai don kada su ɗiga a rairan.

Ƙanena kuwa ɗan gaban goshi ne. Sunansa a bakin Baba kamar ana biyansa ya faɗa. Bai taɓa tankaɗe ko rariya ɗaya ba, amma in ya zo da motarsa ranar Lahadi har kujera ake fito masa da ita. Wata rana ya kawo wa Baba tuffa, wadda 'yan birni ke ce wa pom, jajaye a cikin kwali, kowace a naɗe da takarda. Ya yi ta zuba bayani wai daga ƙasashen sanyi ake kawo su, a firigo, injin sanyi, suke wata da watanni ba abin da ke samun su, don haka wahalar randa ta zama tsohon yayi. Da ni na faɗi haka da sai na bar gidan da gudu. Shi sai Baba ya yi dariya, ya ɗauki ɗaya ya juya, ya tambaya wa ya tsinke ta, da wane hannu, ta faɗi ƙasa ko ba ta faɗi ba. Ƙanena ya ce shi ina zai sani. Baba ya ce to shi ba ya cin abin da ba a san wanda ya tsinka ba. Bayan motar ta tafi ya sa ni binne guda uku a wata 'yar tukunya, don ya kunyata su. Da aka tono bayan sati shida, biyu suna nan garau. Ya daɗe yana kallon su, sa'annan ya faɗa wa tukunyar cewa sun yi sa'a ne da suka samu rairansa. Ya ba jaki su.

Ba zan ɓoye alherinsa ba, ko da yake shi ma da duka yake zuwa. In bazara ta kama, duk gidan da aka ce akwai mai zazzaɓi ko mai jego a Jiratawa, za a ga Baba ya yi sallama da lemu uku a aljihun riga. Ba ya zama, ba ya cewa sannu. Sai ya ajiye su bakin tabarma ya ce wa marar lafiya ya sha ya daina nishi yana damun unguwa. Tsohuwar nan mai akuya ma, shekarar da ta kwanta, sau huɗu yana kai mata, kowane zuwa sai ya tuna mata dashen da aka cinye masa. Duk garin sun sha lemun ɗakin nan. Ni da na jera su da hannuna, ko ɗaya bai taɓa miƙo mini ya ce ga shi ba. Shekarar da aka yi mini aiki a likita, wato asibiti, a Maradi, cikin tsananin zafi, kwana tara ina kwance, bai leƙo ba. Gwaggo ce ta zo da lemu a ƙullin zane ta matsa mini a baki.

Haka take yi kullum. Duk shekara in zafi ya fara sai ta buɗe randarta ta aiko mini da kwando cike zuwa Zariya, bayan sati ta sake aiko wani, har randar ta ƙare. Bayan kwana biyu kuma sai ta aiko a tambaye ni wai ya yi zaƙi? Da waya ta zo sai ta riƙa kira da kanta tana tambaya. Ni kuma in ce ya yi, Gwaggo, Allah ya saka, in ci gaba da abin da nake yi. Na sha gaya wa 'ya'yana cewa kakarsu ta Tibiri ita ce mai zuciya, ta hana bakinta ta ba mu, na Jiratawa kuwa dutse aka sa masa a ƙirji. A gabansu na faɗa, ba sau ɗaya ba.

Bana mun gama cika randuna lafiya, ya raka ta Tibiri ya dawo. Bayan sati biyu tari ya kama shi, kwana huɗu ya yi a kwance. Ina gefensa ranar ƙarshe da hantsi, ina ba shi ruwa da cokali. Na ce a raina yau dai ko a kuskure zai faɗa. Ya buɗe ido ya dubi rufin ɗaki ya ce:

"A gaya wa waccan ta duba randuna ran Juma'a."

Wannan ce maganarsa ta ƙarshe da ta shafe ni. Kafin azahar ya cika.

Wurin wanka aka cire mabuɗin daga wuyansa aka ba ƙanena, tunda shi ne namiji. Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, na same shi a zaure na ce ya ba ni mabuɗin, Juma'a jibi ce. Ya ce Yaya ki yi haƙuri, ba a taɓa kayan mamaci sai an raba gado, kada a ce wani ya ɗauki wani abu. Na ce ba ɗauka zan yi ba, hanci kawai zan kai, ya tsaya a kaina in yana tsoro. Ya ce shi zai kula da su, ai ba wani karatu ba ne lemu a cikin rairai. Kuma ya riga ya yanke shawara, ranar sadakar arba'in, wadda za ta faɗo gab da azumi, zai buɗe ɗakin a gaban jama'a a raba wa kowa don ladan ya kai ga Baba. Rabon bai dame ni ba, Baba ma rabawa yake yi. Kwana talatin da bakwai da randunan za su yi babu hancin da ya san su, shi ne ya hana ni sukuni.

Juma'a uku ina hawa kabu-kabu daga Zariya zuwa Jiratawa, in tsaya a bakin ƙofar ɗakin in koma. Na aika masa Gwaggo, ya ce mata tsofaffi su bar masa wannan. Na kira shi a waya na fara ce masa ko me zai yi kada ya kuskura, bai bari na ƙarasa ba ya ce yana da baƙi a shago ya kashe. Daga nan zuciya ta ɗebe ni na ce oho, shi da ubansa, na daina zuwa. Wannan laifina ne, kuma ina sane da shi. Da na je Juma'a ta huɗu da ta biyar, da na ga sawun ruwa a bakin ƙofa.

Ranar arba'in gida ya cika. Bayan an yi addu'a an shafa, ƙanena ya miƙe ya yi ɗan jawabi a kan hikimar mahaifinmu, ya ce yau kowa zai ɗanɗana aikinsa na ƙarshe. Ya jawo liman da dattawa har ƙofar ɗakin, mu mata muna tsaye daga baya. Yana tura ƙyauren wani wari ya bugo, mai tsami mai nauyi, har liman ya ja da baya ya toshe hanci da gefen rawani. Ƙananan ƙudaje suka taso kamar hayaƙi. Na ture mutane na shiga. Faya-fayan sun yi baƙi da fumfuna. Na tura hannu a randar farko, rairan ya kama mini yatsu jagab, abin da na damƙo ya fashe a hannuna kore shar. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har ashirin, duk haka. A lungu ga bido biyu, jarkokin ruwa, da gwangwanin yayyafi.

Wai ƙanena ya taɓa gani a birni ana sa tukunya cikin tukunya, a jiƙa rairan da ke tsakaninsu don tumatir ya yi sanyi. Da ya shiga ya tarar rairan Baba ya bushe ƙamas, sai ya ɗauka rashin mai kula ne tun da tsoho ya kwanta. Shi ne yake zuwa duk bayan kwana uku yana ba su ruwa, har yana jin daɗi yana yi wa ubansa hidima.

Na fito da hannuna yana ɗiga, na tsaya a gabansa a gaban duk dattawan.

"Shekara arba'in da bakwai kana cin tuwo a gidan nan Baba na kiran sunanka. Doka ɗaya gare shi, jakin gidan nan ma ya san ta. Me kake saurare duk shekarun nan?"

Ya tsaya da mabuɗi a hannu, sai ga hawaye. Mata suka ja ni suna cewa in ji tsoron Allah ranar sadaka ce. Har yau wasu ba sa gaishe ni saboda wannan, kuma ban nemi su gaishe ni ba. Da yamma ni kaɗai na kwashe randunan na kai bayan gari na zubar. Aikin ƙarshe na Baba, da nawa na hutu guda, kaji ma ƙin ci suka yi.

Azumi ya kama da kwana biyar Gwaggo ta aiko in je Tibiri. Na same ta bayan la'asar a ɗakinta, ta sa an jawo randar Tibiri zuwa tsakiyar ɗaki, faifan na nan yadda aka kifa shi. Wallahi na manta da ita sam. Ta ce bana hannunta ba ya iya tono, in zo in kwashe kayana. Na ce wane kayana, Gwaggo, ai bana sai ki ci abinki, shi ke nan abin da ya rage na ɗan'uwanki. Ta dube ni kamar yadda take dubana ina yarinya in na yi wauta.

"Ke da kika tashi a ɗakin nan, yaushe kika taɓa ganin na sha lemu? Tun ina budurwa yake tayar mini da ƙwarnafi."

Na sani. Tun ina ƙarama na sani, ko a biki aka ba ta sai ta miƙo mini. Ban taɓa haɗa wannan da randar ba.

Ta ce tun shekarar da na fara zuwa aikin Baba yake kawo randar. Yakan sauke ta da kansa, ya gyara mata duwatsu, ya ce kin san mai ita, ya juya. Ya hana ta faɗa, ya ce in ta faɗa ya daina kawowa. Ta ce shekarar da nake likita shi ya tono lemun da hannunsa, shi ya kawo ita Gwaggon Maradi, ya zauna ƙarƙashin dogon yaro a bakin ƙofar likitar tun safe har ta fito, kwana tara yana haka.

Kada wani ya ɗauka wannan ya sanyaya mini rai. Wuta ya ƙara mini. Shekara ashirin da biyu amalanken nan na ratsa Maradi, yana wucewa ta bakin unguwarmu, mutumin nan na zaune a kai rungume da randa, bai taɓa cewa a tsaya ba. Ya gwammace ya kai ta Tibiri ta dawo mini a kwandon wata. Ya sa ni juye ta sau uku ina kuka, alhali tawa ce. Ya bar ni ina zaginsa a gaban jikokinsa, ya bar ni ina gode wa wadda ba ita ta ba ni ba, kuma ya tafi bai bar mini inda zan mayar da godiyar ba. Na tambayi Gwaggo ko a wurinta ya taɓa faɗin sunana. Ta ce a'a, ko sau ɗaya, ba za ta yi mini ƙarya ba.

Na ɗaga faifan. Rairan ya zube ta tsakanin yatsuna a bushe. Sahun farko da na tono guda bakwai ne da ba ni na jera ba. Ni a miƙe nake yanke kara, shi a karkace yake yankewa, kuma waɗannan duk a karkace suke, wasu ma almakashin ya ɗan kauce saboda idon. Bayan na tafi ne ya koma garka ya ƙara su. Ko ɗaya bai lalace ba, har gindin randar.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya sa ya huta. Na faɗa kuma har zuciyata, amma ban huce ba, ban kuma san ranar da zan huce ba.

Muka zauna ni da Gwaggo a ƙofar ɗaki muna jiran magariba, lemu ɗaya a hannuna. Da aka kira salla na ɓare shi, ruwan ya gangaro mini har gwiwar hannu. Na sha rabi, sai na ji ta ce, kamar yadda take cewa duk shekara:

"Ya yi zaƙi?"

Sai a lokacin na gane wanda ke aiko da tambayar. Na ce ya yi, Gwaggo. Ta gyaɗa kai, ta jawo butarta. Bana babu wanda za ta kai wa amsar.